Wa Ya Fara Kawo Zancen Saurayi Da Budurwa Cikin Wasan Kwaikwayo?

 Wanda bai sami jin shirin a rediyo ba, ga shi a rubuce, sai ya karanta ko ya sa yaro ya karanta masa.

TAMBAYA: Takardar wannan mako ta fito ne daga ƙasar Gumel, daga wani manomi da ke taɓa cinikin riɗi ran kasuwa. Ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce da ƙaramar Sallar da ta wuce samarin garinsu sun yi wasan kwaikwayo a filin firamare. A cikin wasan wani saurayi ya buga lamba bisa kuskure, ta faɗa wayar wata yarinya. Daga nan hira ta ƙullu, har yarinyar ta ce ita ba ta son ɗan baffanta da aka yi mata baiko da shi, alhali ko fuskar mai wayar ba ta taɓa gani ba. Jama'a sun sha dariya, amma ran dattawa ya ɓaci, magana ta kai gaban mai gari. Yanzu an sa shi cikin mutum biyar da za su ba da shawara, ko a bar yaran su sake yi da babbar Sallah, ko a hana. Abin da ya ƙara ɗaure masa kai, ɗansa na cikinsa ne ya fito a saurayin. Shi ne yake tambaya, wai wa ya fara kawo zancen saurayi da budurwa gaban jama'a haka, kuma a zamanin iyayenmu an yi?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya bar zumunci. Amsar a taƙaice ita ce an yi, kuma ba yau aka fara ba. Amma tun da hukunci za ku yanke, bari mu bi maganar tun daga tushe, don waiwaye adon tafiya ne.

TASHE DA DANDALI

Kafin a san wani abu wai shi dandamali ko labule, Bahaushe yana da wasan kwaikwayonsa, kai ma ka yi shi kana yaro, watau tashe. In azumi ya kai kwana goma, yara sukan bi gida gida da dare suna kwaikwayon halin manya. Ka tuna wasan Mairama da Daudu, inda yarinya ɗaya za ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta lulluɓe ta zama amarya, sauran suna koya mata zaman aure? Ka tuna Samodara? Wannan ai kan auren dole aka gina shi, yarinya tana kuka tana nuna ba ta son wanda aka ba ta. A tsakar gida ake yinsa, gaban uwa, uba yana jiyowa daga turaka, a ƙarshe ma a ɗebo hatsi a ba su sadaka. A Kano kuma ga Nalako da jama'arsa, suna bin gwagware da kiɗa da igiya, don a kunyata wanda ya zauna ba mata. Ka ga ashe tun asali maganar wa zai auri wa tana cikin wasanninmu.

Shi kansa neman aure a da, a fili ake yinsa. Da farin wata 'yan mata suna gaɗa a dandali, samari na gefe, sarkin samari yana lura. In yaro ya ga wadda ta kwanta masa, ran kasuwa ya yi mata toshi. In abin ya yi nisa ya je zance ƙofar gidansu, a shimfiɗa tabarma, a ajiye fitila, ga abokinsa, ga ƙawarta ko ƙanwarta a zaune. Daga nan sai kuɗin na-gani-ina-so, sai gaisuwar iyaye, sai baiko da sa rana. Da damina ya tara abokai su yi wa suruki gayya. Kafin a kai ga sadaki duk gari an san ɗan wane ne, an san gonarsu, an san ko ragon noma ne. Ka riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

WASA YA SHIGA TAKARDA

Wasan da ake rubutawa a hau daɓe a yi, da makarantun boko ya zo. A shekarun 1930 aka buga wani ɗan littafi mai wasanni shida na Hausa, na Dokta Rupert East, Baturen nan da ya shugabanci aikin talifi a Zariya. Marigayi Malam Aminu Kano ma ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi, yana sukar zalunci da cuta. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ke koyar da tsabta da kiwon lafiya. Waɗannan na farko dai wayar da kai suka sa gaba, ba su shiga sha'anin samartaka sosai ba.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa da kyau shi ne Malam Shu'aibu Maƙarfi. Wasanninsa a rediyo aka fara jin su daga Kaduna, sannan aka mai da su littafi. A 1959 aka buga Zamanin Nan Namu, mai wasa biyu a ciki, Malam Maidala'ilu da 'Yarmasugida. Ka dubi sunan littafin kawai. Shekara sittin da 'yan kai ke nan, tun kafin a sami mulkin kai, mutane suna kukan zamani ya lalace, yara mata sun fi ƙarfin iyaye. A 1960 kuma ya fito da Jatau Na Kyallu, labarin attajirin da ya ruɗe a kan wata mace mai zaman kanta, ya wulaƙanta iyalinsa saboda ita, ƙarshenta dukiya ta ƙare ya koma abin tausayi. Malam Jatau fa magidanci ne mai gemu, da shekarunsa. Watau tun a wancan lokaci masu wasa sun lura ruɗin sabuwar soyayya bai bar babba ba.

Bayansa aka sami Uwar Gulma na Muhammadu Sada, wanda ɗalibai da yawa suka karanta a makaranta. Shi kuma abin da ke biyo bayan biki ya nuna, yadda Hayatu ya mai da Halima abin duka da zagi, ga yawon dare, ga yunwa a gida, har magana ta kai gaban alƙali. Duk uban da ya kalli wannan wasa, sai ya sake tunani kafin ya ba da 'yarsa ga wanda bai bincika ba.

Da aka buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, wasa ya sami babban fili. Daga baya aka san su marigayi Usman Baba Pategi, watau Samanja, da marigayi Ƙasimu Yero, da Karkuzu a Jos. Maƙwabtanku na Damagaram ma ba a bar su a baya ba. Bayan Seyni Kountché ya hau mulkin Nijar a 1974 an farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ana gasar wasan daɓe da Hausa tsakanin jihohi, aka san irin su Yazi Dogo. Su ma tsadar aure da auren dole suna cikin abin da suke taɓowa.

ZAMANIN KUƊI DA MOTA

Shekarun 1970 su suka sauya zance a ƙasar Hausa. Kuɗin man fetur ya shigo, a 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, 'yan kwangila suka yawaita, babur da mota suka cika gari. A 1976 aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, yara mata suka shiga makaranta fiye da da. Yarinyar da ta iya karatu ta iya karanta wasiƙa, ta iya ba da amsa, ba sai ƙawa ta kai saƙo da baki ba. Nan ma dattawan lokacin suka ce shi ke nan, boko ya ɓata 'ya'ya mata.

A cikin wannan hali ne marigayi Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, aka buga a 1979. Labarin mai kuɗi ne da ke ruɗar 'yar makaranta da abin duniya, ta juya wa na tsakani da Allah baya, shi kuwa in ya gama ɓata mata rayuwa ya kama gabansa. Sunan wasan daga karin maganar nan ne da ka sani, kulɓa na ɓarna ana cewa jaba ce. Kowa yana zagin makaranta, kowa yana zagin yarinya, shi kuwa mai babbar riga da ya aikata ana yi masa barka da zuwa a zaure. Wasan ya karɓu ƙwarai, har a 1992 Brendan Shehu ya mai da shi fim.

Ni kaina ina da labari a kan wannan wasa. Lokacin da nake kwalejin horon malamai aka tura ni koyon aikin koyarwa wata makarantar ƙauye. Ranar rabon kyaututtuka na shirya wa yara wani yanki nasa, muka ari babbar riga da hula, yaro namiji ya ɗaura zane ya yafa gyale ya fito a budurwa. Ana cikin yi, jama'a na ta shewa, sai wani babban baƙo da ke kujerar gaba ya miƙe ya kaɗe riga ya fita. Nan take shugaban makaranta ya aiko a tsai da wasa, washegari kuma na sha faɗa. Wallahi ban san mutumin ba, ban taɓa jin labarinsa ba, littafin ma an buga shi tun kafin in shiga firamare. Sai daga baya wata tsohuwa mai sayar mana da ƙosai ta ce da ni, ɗan nan, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as. Tun ran nan, in na ji an ce a hana wasa, nakan fara duba wane ne ya tsargu.

A 1982 aka buga Soyayya Ta Fi Kuɗi na Hadi Abdullahi Alƙanci, ɗaya daga cikin littattafan da suka yi nasara a gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. A nan kam kalmar soyayya ta hau bangon littafi ƙiri-ƙiri, sunan kuma ya gama faɗin inda marubucin ya tsaya. Kafin shi, a 1980, an buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wanda labari ne na zube. Daga nan ruwa ya ɓalle. Littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, inda 'yar masu kuɗi ta nace sai talaka, iyaye suka ce sai mai hali.

DAGA DAƁE ZUWA BIDIYO

Ƙungiyoyin wasan daɓe na Kano su suka haifi finafinan Hausa da kake gani yau. Ƙungiyar Tumbin Giwa, wadda da ma wasan kwaikwayo take yi, ita ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo a 1990. Da yake mutanenmu sun daɗe suna kallon finafinan Indiya a silima, sai aka ɗauko salonsu na rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa aka cusa. Wannan shi ya fi jawo surutu, kuma a gaskiya akwai abin dubawa a ciki, don Samodara ba ta taɓa bin saurayi cikin lambu tana juyi ba.

An gwada hani kuwa. A ƙarshen shekarar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar finafinai, a 2001 ta kafa hukumar tace su. A 2007 har an tara wasu littattafan soyayya an cinna musu wuta a Kano. Tacewar ta yi amfani wajen rage wuce gona da iri. Amma labarin so bai mutu ba, ya dai sauya gida. A shekarar 2001 ɗin nan ce wayar salula ta shigo Nijeriya. Yau littafin da aka ƙona yana cikin waya ana karantawa, fim yana cikin waya, zancen ma kansa ya koma cikin waya, ta WhatsApp da Facebook da TikTok.

ABIN DA YA SAUYA

To Malam, mu dawo kan maganar da na ce ka riƙe. In ka jera wasannin nan tun daga Samodara har zuwa na yaranku, za ka ga rigimar guda ce: wa zai zaɓa, iyaye ne, ko kuɗi, ko zuciyar yarinya? Kowane zamani da abin da ake ɗora wa laifi. An ɗora wa talla, an ɗora wa makaranta da wasiƙa, an ɗora wa silima, yau ana ɗora wa waya. Marubutan kuwa kusan duk wuri ɗaya suka nuna da yatsa, watau kwaɗayi da ƙarya da rashin bincike, kuma sau da yawa a wajen manya suka same su.

Amma kada in ruɗe ka in ce babu sabon abu. Akwai, kuma babba ne. Zancen dandali yana da shaidu, na ƙofar gida yana da fitila da 'yar rakiya. Ko wasiƙa sai an ba wani yaro ya kai, yaron kuwa yana da baki. Zancen waya ba shi da ko ɗaya. Yarinya tana kwance kusa da uwarta, tana hira da mutumin da ke Legas ko Agadas, ba wanda ya ji. Zai iya cewa saurayi ne alhali matansa uku. Zai iya aiko hoton motar maigidansa ya ce tasa ce. Ita ma za ta iya aiko hoton da ba nata ba, ta karɓi kuɗin kati wajen mutum biyar. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. Wa zai sayi buhun riɗi a waya bai soka ya ga ƙwayar ba? Ko tunkiya sai an taɓa ta an duba haƙori.

Ban kuma ce duk haɗuwar waya ɓarna ce ba. Akwai gidaje da yawa yau da aurensu ta waya ya faro, suna zaune lafiya da 'ya'yansu, saboda da magana ta yi ƙarfi an kawo ta gaban manya, an aika an bincika asali da sana'a da hali. Hukuma ma ta gane binciken da ya wuce na ido ya zama dole. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure, don gano ƙanjamau da ciwon hanta da kuma amosanin jini, wanda ake kira sikila. Wannan na ƙarshe ya shafi har auren zumunci irin na ɗan baffa da ke cikin wasan yaranku, don in iyaye biyu suna ɗauke da irin jinin, kowane ciki akwai fargabar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Ka ga ashe ko wanda aka sani tun yana goye, yau sai an duba.

Saboda haka ni a ganina abin da samarin garinku suka yi ya fi kama da taimako. Sun ɗauko abin da ake yi a ɓoye cikin bargo, sun kawo shi tsakiyar fili da rana tsaka, gaban iyaye. Sun mayar da zance dandali, ko da na awa ɗaya ne. Dattijon da bai taɓa sanin yadda ake ƙulla soyayya a waya ba, ran nan ya gani da idonsa. Yarinyar da ke cikin irin wannan hali ta ji yadda jama'a suka yi wa abin dariya, ta kuma ji inda suka yi tsit.

SHAWARA

Hukunci naku ne, ku da mai gari, kuma abin da ya shafi halal da haram malamanku na nan kusa da ku, a tambaye su. Amma tun da ka nemi ra'ayina, ga shi. Kada ku yanke komai sai ku biyar ɗin kun sa yaran sun maimaita muku wasan tun daga farko har ƙarshe, don a takardarka ba ka faɗa mini yadda ya ƙare ba, ina kuma zaton wasu daga cikin masu fushin tashi suka yi kafin a gama. In akwai batsa, ko shigar banza, ko an kwaikwayi wani mutum na gari yadda kowa zai gane shi, a ce su cire, wannan hakkinku ne. A sa musu lokaci da rana, a gama kafin magariba. In labarin bai nuna inda aka je bincike ba, ku ba su shawara su ƙara fitowa ɗaya, a ga baffa ya shiga mota ya tafi garin mai wayar ya tambayo. Abin da zai tarar can, mutumin kirki ko mayaudari, a bar wa yaran su zaɓa, sun fi mu sanin abin da ke gudana.

In kuwa kuka hana, wasan ne kawai zai tsaya. Wayoyin suna nan cikin aljihunsu, da daddare za a ci gaba daga inda aka tsaya, ba kuma wanda zai gayyace ku kallo.

Game da ɗanka, kada ka ɗauka ya zubar maka da girma. Su Kasagi da Samanja da irin wannan suka fara, ga shi yau ana ambatonsu da alheri. Ka kira shi bayan sallar isha'i, ku zauna a zaure ku biyu, ka tambaye shi a ina suka samo labarin nan. Mai yiwuwa amsar da zai ba ka ta fi duk abin da na faɗa maka amfani.

Da fatan ka gamsu, ka kuma rubuto mana yadda kuka ƙare bayan Sallah. A gai da mai gari da sauran dattawa, Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa riɗi ya yi daraja. Sauran takardunku suna nan a hannu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.